Masu zobo da kunun aya na biki da suna, ga inda ake yawan tafka kuskure

Wai a Faransa da Italiya akwai matan da aikinsu kenan a manyan otal, su zaɓa wa baƙo giyar inabin da ta dace da abincinsa, har makaranta ake shiga a koyo. Toh mu nan wannan ba tamu bace, haramun ce, kuma tun 2000 Kano da Jigawa suke kan shari'a. Amma ita sana'ar shayar da baƙo da tarbarsa muna da tamu, zobo ne da kunun aya da lemon citta da lemon tsamiya, akwai matan da da ita suka sayi firiza suka aurar da 'ya'ya. Akwai kuma waɗanda wata uku jari ya karye, kuma in kin duba ba wai hannunsu bai da daɗi bane.

Babbar matsalar zafi ce, mutane basa ɗaukarta da gaske. Kin dafa zobo da yamma kin zuba sukari da ɓawon abarba kin ɗura a gora kin toshe, wuta bata zo ba, ya kwana a ɗaki a watan Afrilu, da safe ki ga gorar ta kumbura kina buɗewa ta yi fuss, wasu sai suce ai gas ne yayi daɗi. 'Yar uwa ba daɗi bane. Ƙwayoyin yis ne da suke jikin ɓawon suka fara cin sukarin suna mayar dashi iska da barasa, hanyar da ake bi a yi giyar inabin kenan sak, bambancin su da gangan suke yi. Kwana ɗaya ba zai kai ga bugarwa ba amma ya kama hanya, ɗanɗanon ma ya riga ya canza. Ko a hadisi ya zo ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi yana sha, baya wuce kwana uku. Gyaran shine ki tafasa ɓawon abarbar tare da zobon kar ki jefa shi ɗanye daga baya, ki tace, sukari kuma sai ranar da za a sha. Zobon da babu sukari yafi jure jira nesa ba kusa ba.

Kunun aya kam yafi zobo rashin haƙuri, shi ko yini baya yi a zafi, balle kin haɗa da dabino da kwakwa. Kar ki yarda uwar biki ta lallaɓa ki kiyi tun jiya wai dan kar a makara. Ki jiƙa ayar da daddare, ki wanke ta sosai ki tsince tsakuwa, da asuba a kai markaɗe, kuma dan Allah ki sa a ɗauraye injin da ruwa kafin a zuba naki, in ba haka ba kunun ki zai fito da yajin attaruhun wadda ta riga ki. Daga tata sai cikin kula da ƙanƙara. In garinku ƙanƙara sai an aika Gumel ko Bichi ko Wudil, toh ki saka kuɗin ƙanƙarar da na ɗan acaɓa cikin farashi tun farko.

Sai gora. Nasan sabuwa da tsada, shi yasa ake sayen tsofaffin gorunan ruwa a wajen yara masu tsinta, amma kinsan daga ina suka tsinto? Wata daga bola wata daga bakin asibiti. In dole sai tsohuwar, a wanke da omo da ɗan buroshi har cikin murfin, a ɗauraye da ruwa mai tsafta a kife ta bushe, duk wadda take warin fetur ko magani a jefar. Ruwan haɗin ma haka, na rijiyar da ba murfi a tafasa shi. Mutum goma su yi gudawa bayan suna ɗaya, wallahi sunanki ya gama yawo a ƙauyukan kafin la'asar.

Kanwa kuma a rage. Ana sakawa dan ta kashe tsami a samu sauƙin sukari, sai dai tana juya jan zobon ya koma baƙi baƙi kamar ruwan rini, in tayi yawa har baki yake ji. Kaɗan ta isa ko ki barta gaba ɗaya ki ƙara ruwa da citta da kanumfari.

Abin da yafi bani haushi shine sayen zobo kwano kwano a tsakiyar azumi lokacin da yafi tsada, alhali a Jigawa muke, jihar da tafi kowacce noma shi a Najeriya. Daga su Maigatari da Gumel da Babura ake loda shi zuwa kasuwar Dawanau ta Kano, har Meziko ake fitar dashi suna shan abinsu. Yana shigowa kasuwa bayan kaka lokacin sanyi, a lokacin zaki zuba kuɗin adashinki ki sayi buhu, ki tabbatar ya bushe ƙayau, ki ɗora a kan katako inda ba danshi. Aya ma haka take.

Yanzu maganar kuɗi, nan ne ake kuka. Da yawanmu in aka tambaye mu nawa gora ɗaya ta ci bamu sani ba, farashin maƙociya kawai muke bi. Ki zauna da biro ko ki sa ɗanki ɗan makaranta ya rubuta: zobo, sukari, kayan ƙamshi, itace ko gawayi, gora, ƙanƙara, markaɗe, kuɗin mota, ladan yarinyar da ta taya ki, sannan wahalarki, sai a raba da yawan gorunan. Wata sai a nan zata gane ashe wata biyu sadaka take yi. Kuɗin sana'a kuma a raba shi da na cefane, in maigida ya ranta a rubuta, ba rashin kunya bane.

Bashin dangi shima. Gwaggo zata ce yi min gora ɗari biyu na bikin ƙanwarki in an tashi daga biki zan haɗo miki da kuɗin gudummawa, ke kuma kunya ta hana ki magana, biki ya watse shiru, in kin tuna mata kin zama mara mutunci. Tun farko ki ce Gwaggo a bani kafin alƙalami in sayo kaya, ni bani da jarin da zan zuba, cikon kuma kafin kula ta bar gidan nan. In kina son yi mata alheri ki ƙara mata gora ashirin kyauta kowa ya gani, yafi ki bar mata jarinki. Masu transfa kuma kar ki yarda da hoton rasit, sai kin ga kuɗin sun shiga asusunki.

Ita tarbar ma ana sakaci da ita, a aiko yaro da kaya cikin buhun taki ba tire ba kofi, ya iso bayan an gama cin abinci. Ki aika da wuri, cikin kula mai tsafta, na iyaye da masu ciwon suga ki ware musu mara sukari ki ɗaura masa zare a wuya dan a gane. In kuma kin fara tunanin manna takarda da suna ki kai shagunan Dutse ko Kano, wannan sai da rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magani, kar ki buga lambar wani a gorarki.