Masu shago, mai saye yana auna ku tun daga bakin ƙofa

Assalamu alaikum 'yan uwa 'yan kasuwa.

Na daɗe ina sayar da kayan masarufi a Tudun Wadan Zariya, kuma na lura mutum kan yanke shawarar saye tun kafin ya shigo. Idan ya ga ƙurar hunturu ta lulluɓe gwangwanin madara, zuciyarsa ta riga ta raya masa kayan sun tsufa, ko da jiya ka ɗauko su daga Sabon Gari. Kowace safiya ka sa yaron shago ya goge kanta, ya juya gwangwanaye yadda ranar ƙarewar wa'adi da lambar NAFDAC za su fito fili.

Batun awo shi ya fi damuna. Wata Hajiya ta taɓa sayen shinkafa tiya biyu a wani shago kusa da mu, ta je gida ta sake aunawa, ta tarar awon bai cika ba, ashe an lotsa gindin kwanon. Ba ta koma ta yi faɗa ba. Matan layinsu kawai ta gaya wa, sai ƙafa ta ɗauke daga shagon. Tun ranar nake barin mai saye ya ga awo da idonsa, in ƙara masa ɗan gyara.

Farashi kuma ya zama ɗaya, ɗalibi daga Samaru ko maƙwabcinka, don a Keke Napep ɗaya suke haɗuwa. In kuɗin da mai saye ya turo ta banki sun yi jinkirin shigowa, ba shi benci ya zauna, kar ka tsare shi da ido kamar ɓarawo.