Kurakuran da aka fi yi wajen canza batirin fitilar sola ta lambu

Idan fitilar da ta saba kwana tana haske ta koma mutuwa bayan awa ɗaya ko biyu, galibi batirinta ne ya gaji, domin yakan yi shekara ɗaya zuwa biyu ne kawai. Abin takaicin shi ne, a wajen canjin ne fitilu da yawa ke lalacewa gaba ɗaya.

Babban kuskure shi ne sayen batir da ido. Yawancin ƙananan fitilu suna aiki da batirin caji mai girman AA ko AAA, irin NiMH, mai ƙarfin wuta 1.2V. To amma akwai batirin litiyam mai lamba 14500 wanda tsawonsa da kaurinsa daidai suke da AA, wani 3.2V, wani 3.7V. Ka saka shi a gurbin mai 1.2V, yana iya ƙona kayan cikin fitilar. Idan kuma fitilar mai 3.2V ce ka ba ta 1.2V, ba za ta kama ba. Saboda haka ka kwance murfin, ka karanta abin da ke rubuce a jikin tsohon kafin ka sayi sabo.

Kada ka saka batirin da ba na caji ba. Kullum rana za ta riƙa tura masa wuta, har ya zubar da ruwa ya cinye ƙarfen gurbin.

Wasu suna cire mai 600mAh su saka mai 2500mAh (mAh ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka ne), suna zaton hasken zai ninka. Ɗan ƙaramin faifan sola ba zai cika shi a yini ɗaya ba, asarar kuɗi ce kawai. Daga 600 zuwa 1000 ya isa. In fitilar mai batir biyu ce, canza su tare.

Sannan a duba sifirin (murɗaɗɗiyar wayar cikin gurbin) da ƙarfen da batir ke taɓawa. Farin gari ko koren tsatsa na hana wuta wucewa, sai a zargi sabon batir alhali ba laifinsa ba ne. Goge da auduga da ɗan ruwan khal, ka bi da sanfefa mai laushi, ka bari ya bushe sarai. Lura da alamar + da −, kuma ka mayar da robar bakin murfi daidai, don ta nan ruwan sama ke shiga.

Bayan haka goge faifan, ka bar fitilar a rana yini biyu kafin ka yanke mata hukunci. Don gwaji, kunna makunnin ka rufe faifan da tafin hannu: in ta kama, aiki ya yi.

Tsohon batir, musamman mai rubutun NiCd, yana da guba. Kada a jefa shi wuta ko a binne shi a lambu. A kai shi inda ake tattara tsofaffin batura.