Yadda Malamin Kwantiragi a Tawa Zai Kare Aikinsa Idan Asusun Gwamnati Ya Yi Ƙasa

Duk lokacin da kuɗin gwamnati suka yi ƙaranci, malamin kwantiragi ne kan fara jin jiki, domin albashinsa ne ake jinkirtawa, kuma sallamarsa ta fi ta cikakken ma'aikaci sauƙi. Malaman Nijar ba su manta da jarrabawar tantancewa ta 2017 ba, wadda bayanta dubban ƴan kwantiragi suka rasa aikinsu.

Fara da tattara takardunka tun kafin a kai ga rikici. Ka haɗa takardar kwantiraginka, da wadda aka tura ka makaranta da ita, da shaidar kama aiki mai ɗauke da hatimin darakta, ka yi musu fotokofi, ka naɗe na asali a leda cikin akwatin ƙarfe, saboda gara da ɗigon damina ba sa barin takarda a ɗakin ƙasa. Ka kuma ware littafi guda da za ka riƙa rubuta ranar da albashin kowane wata ya shigo, da watannin da kake bin bashi. A ganina wannan littafi ya fi dogon ƙorafi amfani a gaban sufeton ilimi.

Sannan ka yanki katin sandika, wato ƙungiyar ƙwadago ta malamai, ko SNEN ko SYNACEB, ka riƙa biyan kuɗin ƙungiya, ka san wakilin yankinka da fuska.

Idan aka kira yajin aiki, ka tabbatar an miƙa wa hukuma sanarwa a rubuce kafin ka ajiye alli, don kada a lissafa ka cikin waɗanda suka gudu daga bakin aiki. In takardar sallama ta zo, kada ka sa hannu a kan komai sai wakilin ya karanta ta.