Yadda Ake Zagayen Safe A Ɗakin Ɓerayen Bincike

Masu bincike shigowa suke su yi allura ko su ɗebi jini su fice, kai mai kula da ɗakin kai ne kake ganin ɓerayen nan kullum har ranakun hutu, toh in wani abu ya fara taɓarɓarewa idonka ne zai fara kamawa.

Kafin ka taka ciki ka sa rigar aiki da safar hannu da takunkumi. Ba don kare dabbobin kaɗai ba ne fa, fitsarin ɓera na ɗauke da wani furotin da ke jawo atishawa da ƙaiƙayin ido, wasu ma har asma. Ka fara da ɗakin da ya fi tsafta, ɗakin da aka killace sababbin zuwa shi ne na ƙarshe, kuma in ka shiga can kar ka sake komawa na farko.

Da shigarka ka duba na'urar bango ka rubuta. Zafin ɗaki tsakanin digiri 20 zuwa 26, danshin iska kashi 30 zuwa 70, haske awa 12 duhu awa 12. Ɓera ya fi jin daɗi kusa da digiri 30, shi ya sa ake sa musu takarda su yi sheƙa, kar ka yi rowarta.

Yanzu keji, kuma nan ne aikin yake. Kar ka yi gaggawar buɗewa, tsaya tukuna ka kalla. Wanda ya ware kansa a lungu ya ƙudundune, gashi ya tashi, ido a tsuke, kunne ya kwanta baya, wannan ciwo yake ji, tun 2010 ma aka fitar da ma'aunin gane ciwo ta fuskar ɓera. Kejin da ba a gina sheƙa ba shi ma ka sa masa ido. Maza in sun yi faɗa rauni a gindin wutsiya da gadon baya yake fitowa. Kwalbar ruwa kuma ka taɓa bakinta ka tabbatar yana fita, don kwalbar da take cike maƙil kamar yadda aka bar ta jiya yawanci toshewa ta yi, wadda ta zube kuma ta jiƙa shimfiɗa sanyi zai kama su.

In za ka ɗaga ɓera ka bar kama wutsiya. Binciken Jane Hurst da Rebecca West na Jami'ar Liverpool a 2010 ya nuna ɗaukarsa cikin ɗan bututu ko a tafin hannu yana rage masa tsoro sosai, ni dai ban ga dalilin da har yanzu wasu ke jan wutsiya ba sai sabo kawai.

'Ya'ya kuma ka bi kwanan wata a katin keji, ana yaye su wajen kwana 21, in ka makara uwar na iya sake haihuwa a kansu tunda cikinta ma kusan kwana 20 ne.

Duk abun da ka gani ka rubuta nan take, ka kira likitan dabbobi da mai binciken. Kar ka ba da magani da kanka, kar ka canza abinci ko shimfiɗa ko ka mayar da keji wani kanta ba tare da an sani ba, ɗan canjin nan zai iya sauya sakamakon gwaji gaba ɗaya. Ɓeran da ya zabge kusan kashi 20 na nauyinsa kuwa ba a jira sai gobe, a yawancin ka'idojin gwaji nan ne iyakar da ake dakatarwa.