Yadda ake kwatanta sakamakon gwajin bugu na shimfiɗar filin wasa tsakanin ɗakunan gwaji

A ce ka yanka shimfiɗar roba guda, ka aika wa ɗakunan gwaji biyu. Wannan ya rubuto Gmax 142 (Gmax shi ne ƙololuwar ƙarfin bugun da aka auna lokacin da ƙarfen gwaji ya faɗa kan shimfiɗar), wancan ya ce 155. Kafin ka ɗora wa wani laifi, ga abin da za ka bi.

Fara da tambayar abin da aka sako a kan shimfiɗar, don yawancin saɓanin a nan yake ɓoye. A hanyar A ta ƙa'idar ASTM F355, ƙarfe ne mai shafaffen gindi, kilo 9.1, ana sakinsa daga tsayin santimita 61. A gwajin filin wasan yara, wato ASTM F1292 a Amurka da EN 1177 a Turai, ƙarfen kamar ƙoƙon kai yake, kilo 4.6. Gudumar Clegg da ake yawo da ita a fili kuwa kilo 2.25 ce. Dukansu suna ba da lamba da harafin g, wato ninki nawa na ƙarfin jan ƙasa bugun ya kai, amma kowa da mudunsa: 100 a Clegg ba 100 ba ce a F355. EN 14808 ma wata tafiya ce daban, tana faɗin kashi nawa cikin ɗari na ƙarfin bugu shimfiɗar ta shanye idan aka gwada da kankare. Hukumar World Athletics na neman kashi 35 zuwa 50 a hanyar tsere. Idan hanyoyin sun bambanta, ajiye takardun, babu abin kwatantawa.

Sai samfurin kansa. Kauri ɗaya ne? Me aka sa a ƙarƙashinsa, kuma a wane zafi aka ajiye shi? Roba na taurara a sanyi, shi ya sa F1292 ke buƙatar gwaji a zafi iri uku. Ka kuma tambayi wane bugu aka ƙirga. A wannan ƙa'ida sau uku ake saki a wuri ɗaya, a ɗauki matsakaicin na biyu da na uku, domin na farko yakan danne shimfiɗar ne. Wanda ya rubuta na farko kaɗai, dole lambarsa ta bambanta.

Na uku, na'ura. Ni dai ban cika yarda da tsayin da aka auna da tef ba. Gara a nuna mini saurin ƙarfen dab da ya bugi shimfiɗa, saboda gogayya a jikin sandar da yake zamewa tana cin gudu ba a sani ba. A duba ranar da aka saita na'urar auna bugun, da irin matatar da aka sa wa siginar a kwamfuta. Abu mafi sauƙi: a zagaya da faifan roba guda wanda aka san halinsa, kowane ɗaki ya buga shi kafin ya taɓa samfur.

Yanzu lissafi. ISO 5725 da ASTM E691 sun raba abu biyu: yadda ɗaki ɗaya ke maimaita sakamakonsa, da yadda ɗakuna daban-daban ke dacewa da juna. E691 na son aƙalla ɗakuna shida. A fitar da ma'aunin warwatsuwar sakamako tsakanin ɗakunan, a ninka shi sau 2.8, wannan ce tazarar da ba abin mamaki ba ce. Idan ma'aunin 5 ne, tazarar 14 ke nan, ashe 142 da 155 ba su saɓa ba. Don gano wanda ya fita zakka, ana amfani da makin z na ISO 13528, mai nuna nisan da sakamakon ɗaki ya yi daga wanda ake sa rai: har zuwa 2 lafiya, tsakanin 2 da 3 a sa ido, daga 3 a binciki ɗakin.

Kada ka auna HIC, wato lambar da ke nuna haɗarin raunin kai, da wannan ido. A lissafinsa ana ɗaga ƙarfin bugu zuwa iko 2.5, don haka kuskuren kashi 5 a na'ura yakan koma kusan kashi 13. Idan samfur ya tsaya kusa da iyakar da F1292 ta yarda da ita, wato HIC 1000 ko Gmax 200, nemi kowane ɗaki ya turo zanen da na'urarsa ta fitar na bugun gaba ɗaya, a ɗora su kan juna a ga inda suka rabu.