Yadda Ake Zaɓar Mazaunin Jirgin Ruwa Mai Filafilai a Tasha

Duk wanda ya mallaki jirgin ruwa mai filafilai a gaɓar kudancin Ingila ko a Bahar Rum zai tarar cewa kwanakin da jirgin ke yi a ɗaure sun ninka waɗanda yake yi a teku sau da yawa, saboda haka wurin da za a ɗaure shi ba ƙaramin al'amari ba ne. Turawa suna kiran irin wannan tasha ta jiragen shaƙatawa da suna marina, kalmar da ta yi kiciɓis da marinarmu ta rini, ko da yake babu abin da ya haɗa su sai lafazi. A nan za mu riƙa ce mata tasha, shi kuwa gurbin da ake keɓe wa kowane jirgi mu ce masa mazauni. Kuskuren da sababbin masu jirgi suka fi yi shi ne zuwa duba tasha ranar da gari ya yi luf, rana ta fito, ruwa ya cika, sai komai ya yi musu daidai su sa hannu a takarda. Alhali kuwa da mummunar rana ake auna mazauni, wato ranar da ruwa ya janye iyakar janyewarsa, iska ta taso ta inda ba a so, mai jirgi kuma ya dawo a gajiye babu mai tarbar masa igiya.

Kafin a tuntuɓi kowace tasha, sai mutum ya san awon jirginsa na gaskiya, ba wanda kamfanin da ya ƙera shi ya rubuta ba. Tasha tana auna tsawo ne daga abin da ya fi leƙowa a goshin jirgi zuwa abin da ya fi leƙowa a bayansa, har da anka da ke rataye a gaba da ƙarafan da ake sagale ƙaramin kwalekwale a baya, don haka jirgin da aka sayar da sunan mita 11 yana iya zama kusan mita 12 a littafin tasha, kuma a kan wannan awon za a caji kuɗi. Jirgi mai wannan girma yakan kai faɗin mita 3.7 ko kusa da haka, sannan a ƙara masa kaurin matasan roba da ake ratayawa a gefensa don kada ya gogi dandamalin katakon da ake ɗaure shi a jikinsa ko jirgin maƙwabci. Idan bayan an rataya su ba a sami ko da taƙi biyu na sarari tsakaninsa da maƙwabci ba, mazaunin ya yi masa kaɗan, ko da kuwa ma'aikacin tasha ya ce zai shiga.

Abin da ya fi cancantar a zauna a yi masa lissafi da biro da takarda shi ne zurfin ruwa. Jirgi mai filafilai yana da wani faffaɗan ƙarfe mai nauyi a ƙarƙashinsa, wanda ake kira kil, shi ne ke hana iska kifar da shi, kuma a jirgi mai mita 11 yakan nutse har mita 1.8 zuwa 2. A mashigin Solent, tsakanin tsibirin Wight da babban yankin Ingila, bambancin da ke tsakanin cikar teku da janyewarsa yakan kai kusan mita 4 a lokacin babbar cika, wadda ke zuwa sau biyu a wata, kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwar wata da kuma bayan daren sha huɗu. Wani abin da ba kowa ke lura da shi ba shi ne, a wannan yanki babbar cika takan faɗo ne wajen tsakar rana da tsakar dare, wanda ke nufin mafi munin janyewar ruwa tana zuwa da sassafe da kuma yamma lis, daidai lokacin da mutum ke son fita da lokacin da yake son dawowa.

Ga yadda lissafin yake. A ce jirgi yana nutsewa mita 1.9, taswirar teku ta nuna mita 1.5 a bakin tasha, jadawalin cika da janyewa kuma ya ce a ranar ruwa zai sauka ya tsaya a mita 0.6 sama da ma'aunin taswira, wato matakin da taswira ke fara auna zurfi daga gare shi. Idan aka haɗa an sami mita 2.1, sararin da ya rage a ƙarƙashin kil ke nan santimita 20 kacal. To, amma jadawalin an yi shi ne a kan matsakaicin nauyin iska na milibar 1013, kuma duk ƙarin milibar ɗaya yana danne teku da kusan santimita ɗaya, don haka ranar da gari ya yi garau ma'auni ya kai 1033, waɗannan santimita 20 sun tafi, jirgi ya zauna a laka. Mai hankali yakan nemi aƙalla rabin mita na sarari, sannan ya tambayi tasha yaushe rabon da a yashe hanyar shiga, domin laka ba ta jiran a sake buga taswira kafin ta taru. Amsar wannan tambaya ta fi inganci daga bakin wanda ya shekara biyu ko uku yana ɗaure jirgi a wurin fiye da daga ofis.

Wasu tashoshin suna tsare ruwansu ne da ƙofa. A tashoshin Port Solent da Chichester na kudancin Ingila sai jirgi ya shiga wani ɗaki mai ƙofofi biyu an daidaita masa ruwa kafin ya wuce, abin da ke sa cikin tasha ya kwanta lumui ko da ana guguwa a waje, amma kuma ranar Lahadi da yamma a lokacin zafi mutum zai bi dogon layi. Wasu kuma katanga ce aka gina a ƙarƙashin ruwa a bakin shiga, kamar dokin ƙofa, wadda ke riƙe ruwa a ciki idan teku ya janye. Haka abin yake a St Peter Port na tsibirin Guernsey, inda ba a shiga ko fita sai 'yan sa'o'i kafin cika da bayanta. Wanda ba shi da lokacin fita sai ƙarshen mako ya kamata ya ɗauki jadawalin shekara ya ƙirga Asabar nawa ne lokacin buɗewar zai dace da shi. Gada ma takan zama shinge, domin sandar filafilan jirgi mai mita 11 takan kai mita 16 ko 17 daga saman ruwa, shi ya sa a kogin Hamble na yankin Solent jiragen da ke da sanda a tsaye ba sa wuce gadar Bursledon, komai kyan mazaunin da ke bayanta.

Bayan zurfi sai iska. A kudancin Ingila iskar da ta fi yawa daga kudu maso yamma take zuwa, kuma mazaunin da ya fi daɗi shi ne wanda goshin jirgi ke fuskantarta, domin ruwan sama ba zai riƙa shiga ta ƙofar ɗakin jirgi ba, kuma iskar za ta taimaka wajen tsayar da shi lokacin shiga. Idan iskar ta gefe take bugowa, akwai zaɓi biyu, kowanne da nasa wahala. Mazaunin da iska ke tura jirgi zuwa jikin dandamali yana da sauƙin shiga, amma jirgin zai yi hunturu guda yana murƙushe matasan robarsa har fentinsa ya goge. Wanda iska ke janye jirgi daga dandamali yana da wuyar shiga ga mutum ɗaya, amma da zarar an ɗaure, jirgin zai zauna a kan igiyoyinsa ba tare da ya taɓa komai ba. A ganina na biyun ya fi, domin wahalarsa ta minti biyar ce, ta farkon kuwa ta wata shida.

Mutum ya je tashar da ƙafarsa ranar da ake iska mai ƙarfi, ya tsaya a kan dandamalin da aka nuna masa na minti goma sha biyar. Idan katakon yana tashi yana faɗuwa a ƙarƙashin ƙafarsa, igiyoyin jiragen da ke kusa suna saki suna fizga, kawunan sanduna suna kaɗawa har suna neman haɗuwa, to raƙuman ruwa suna shigowa ciki, kuma wannan fizgar ita ce ke cinye igiya ta ɓalle ƙarfen da aka ɗaure ta. Ya dubi igiyoyin maƙwabta, idan kowa ya sa wa tasa roba ko sifirin mai rage fizga, sun riga sun ba shi labarin wurin ba tare da ya tambaya ba. Mazaunin da ke ƙarshen dandamali kusa da bakin shiga yana da sauƙin fita, amma shi ke shan taguwar kowane jirgi mai wucewa, shi kuma ke karɓar karon wanda ya kasa juyawa.

Akwai kuma halin jirgin kansa. Farfelar da ke juyawa dama idan ana tafiya gaba takan ja bayan jirgi zuwa hagu da zarar an sa giyar baya, saboda haka irin wannan jirgi ya fi sauƙin jingina da dandamalin da ke gefensa na hagu, domin burkin da aka yi da injin shi da kansa zai kawo bayansa wurin da ake so. Sai a dubi faɗin layin ruwan da ke tsakanin dandamali biyu, wanda ya kamata ya kai tsawon jirgi ɗaya da rabi idan ana son juyawa cikin natsuwa. A tashoshin da ke cikin kogi, irin su Hamble, ruwa yakan gudu ta ƙarƙashin dandamali da ƙarfi lokacin janyewa, ya ɗauki jirgi ya jingina shi da na wasu kafin mai tuƙi ya farga.

A Bahar Rum lissafin ya sha bamban, domin a mafi yawan gaɓarta cika da janyewa ba sa kai rabin mita. A can da baya ake shiga mazauni, a ɗaure bayan jirgi da igiyoyi biyu a jikin katanga, a jawo wata igiya da ke haɗe da sarƙa ko tubalin kankare a ƙasan teku a ɗaure goshi da ita, a riƙa hawa da sauka ta kan wani siririn katako. Abin tambaya a nan shi ne yaushe mai nutso ya duba wannan sarƙa, domin ita kaɗai ke hana jirgi dukan katanga idan iska ta taso, kuma iskokin yankin ba na wasa ba ne: Mistral a kudancin Faransa, Bora a gaɓar Kuroshiya, da Meltemi da ke kaɗawa daga arewa a tekun Girka, musamman a Yuli da Agusta. Tashoshi da yawa a can suna haɗa tsawo da faɗi wajen caji, shi ya sa jirgi mai gangar jiki biyu ke biyan ninki ɗaya da rabi ko ma biyu.

Batun kayan aiki ba ya buƙatar dogon bayani, illa wuta. Soket ɗin da aka fi samu a tashoshin Turai mai amfiya 16 ne a kan bolt 230, wato wat 3,680, kuma butar dafa ruwa da na'urar ɗumama ɗaki kaɗai sun isa su sa ya yanke. Sannan wayar ƙasa ta wutar tasha tana haɗa dukkan jiragen da suka jona, abin da ke sa wata 'yar wuta ta riƙa gudana tsakaninsu, ƙarfen wani ya riƙa cin na wani a cikin ruwan gishiri, don haka wanda zai bar jirginsa a jone ya sa na'urar da ke katse wannan 'yar wuta, ya kuma riƙa duba dunƙulen zinki da ake liƙawa don tsatsa ta ci shi maimakon farfela. Sauran kuwa a tambaya a wuce: famfon ruwa, wurin shan mai, wurin zuƙe ruwan bayi, mai gadi da dare, da injin ɗaga jirgi wanda zai iya da nauyinsa, tunda kusan kowace shekara sai an fito da shi an kankare ƙasansa an shafa fentin da ke hana ciyawa da ƙananan halittu mannewa. Lambar yabo ta Gold Anchor da ake ba tashoshi tana nuna tsafta da kyan hidima, amma ba ta faɗin komai game da gurbin da aka ba mutum shi kaɗai.

Takardar yarjejeniya ita ce inda kuɗi ke ɓuya. A Birtaniya shekarar tasha takan fara ne ranar 1 ga Afrilu, kuma abin da ake sayarwa izinin ɗaure jirgi ne, ba hayar wani gurbi takamaimai ba, don haka tasha tana da ikon sauya wa jirgi wuri ko ta ba baƙo gurbin idan mai shi ya yi tafiya. Wanda ya sha wahala ya zaɓi mazaunin da ya dace da iska da farfelarsa ya nemi a rubuta lambarsa a takarda. Ya duba ko kuɗin ya haɗa da wuta da ajiye mota da kwanakin da jirgi zai yi a tudu, ko ana cajin makanikin da aka kawo daga waje, ko tasha na karɓar kamasho idan an sayar da jirgi a cikinta, da dare nawa aka yarda a kwana a ciki. Za a kuma nemi inshorar ɓarnar da jirgi ka iya yi wa wasu, yawanci ta fam miliyan 2 ko 3.

Tasha mai araha da ke nisan sa'a uku daga gida, ko wadda sai an yi sa'a guda ana tafiya da inji a kogi kafin a buɗe filafilai, takan sa jirgi ya shekara ba a fita da shi sau goma ba. Saboda haka kafin a biya kuɗin shekara, mutum ya kira tashar ta rediyon jirgi, wadda a Birtaniya yawanci a lamba 80 ake samun ta, ya nemi a ba shi ainihin gurbin a matsayin baƙo na mako guda da ya haɗa da babbar cika, ya kwana a ciki, ya shiga ya fita sau uku ko huɗu, ɗaya daga ciki da dare, kuma da iya adadin mutanen da ya saba tafiya da su.