Barkwanci da kanun tsofaffin jaridu: kurakuran da na gaji da gani

Tun da matasan Yamai suka gano cewa hoton tsohon shafin Le Sahel, jaridar gwamnatin Nijar, yana jawo dariya a Facebook, kowa ya zama gwani. Wasan ba shi da wuya a faɗa: ka samo kanun labari na shekarun baya, ka ɗauke shi da gaske, ka bi abin da zai biyo baya da a ce maganar ta tabbata. Amma yawancin abin da nake gani ba gishiri, wani ma neman fitina ne.

Na farko, gaggawa. Mutum ya sa hoton bikin layin dogo na Yamai zuwa Dosso, wanda aka yi a Janairun 2016, ya rubuta a ƙasa "ƙarya ce, babu jirgi", ya jera fuskokin dariya. Wa bai sani ba? Wannan ƙorafi ne. Dariyar tana wurin mutumin da ya yarda. Ka ƙirƙiro mana ango daga Dosso da ya rantse sai a jirgin ƙasa zai zo ɗaurin aurensa. Ya shiga tasha da babbar riga da goro, goron ya bushe, ya sake saye. Amarya ta gaji ta auri mai kabu-kabun da ya kawo wasiƙar ban haƙuri, yanzu ta yaye na uku. Awakin da ke kwance kan dogo su ne fasinjojin da ba a taɓa tambayarsu tikiti ba. Kowane mataki ya haifi na gaba, kai kuma fuskarka a ɗaure. Da zarar ka yi dariya da kanka cikin rubutun, ka kashe shi.

Yanzu ga wanda ya fi ƙona mini rai: yanke kwanan wata. Ƙannena, don Allah ku ji wannan. A ranar 12 ga Janairun 1994 darajar sefa ta faɗi da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Duk wanda ya yi wayo a lokacin ya san yadda kayan waje suka yi tsada cikin 'yan kwanaki. Na taɓa yin wasa da kanun wancan lokaci, na zana wani Alhaji da ya kwanta da jikka ɗari ya tashi yana neman wanda ya sace rabi, har ya kai ƙarar katifarsa. Shekarar na rubuta ta a saman rubutun, ba cikin hoton ba. Wani ya ɗauke hoton kawai ya jefa a WhatsApp. Kafin la'asar kawuna mai shago a kasuwar Katako ta Yamai ya kira ni, murya na rawa, ya ce ya daina sayar da kaya tun hantsi yana jiran sabon farashi. Da ya gane daga wurina abin ya fito, cewa ya yi: "Kai ɗan nan, karatun da muka biya maka ke nan?" Har bayan salla bai amsa gaisuwata da sakin fuska ba, kuma da gaskiyarsa, cinikin yini guda ya rasa. Mutanenmu ba sa karanta bayanin da ke sama, hoto suke turawa. To me zai hana ka buga shekarar da manyan lambobi a tsakiyar hoton, inda ba mai iya yankewa sai ya ɓata kanun? Ni haka nake yi yanzu, wasu na cewa yana ɓata kyan shafin. Ya ɓata. Duk kanun da ya shafi kuɗi, farashin mai, juyin mulki ko rufe iyaka, in ba za ka iya manna masa shekara ba, bar shi a wayarka.

Ƙanin wannan kuskure shi ne ƙirƙirar kanun ƙarya a waya, a sa masa tambarin jarida ta gaske. Lalaci ne, kuma tun 2019 akwai dokar laifukan intanet a ƙasar nan, alƙali ba zai tsaya neman inda dariyar take ba. Me ma ya kai ka? Na gaskiyar sun ishe ka. Madatsar Kandaji kaɗai, wadda ake maganarta tun shekarun 1970, aka aza tubalinta a 2008, za ta ciyar da kai shekara guda: tsohon da ya sayi firiji tun yana saurayi don jiran wutarta, yau jikoki ke ajiye takalma a ciki.

Ku san jaridar da kuke wasa da ita. Kafin 1974 sunan jaridar gwamnati Le Temps du Niger, saboda haka wanda ya ce ga Le Sahel na ranar samun 'yancin kai a 1960 ya tona kansa. Jaridu masu zaman kansu kuwa sai 1990 suka fara da Haské. Kanun da suka gabaci wannan muryar hukuma ce tsantsa, kullum an ci nasara, kullum an aza tubali, shi ya sa suka fi daɗin wasa. Na bayan 1991 da yawansu da zolaya aka rubuta su tun asali, ƙara musu wani abu kamar zuba sukari ne a zuma.

Yunwar 1973 da ta 1984 da ta 2005 ba a wasa da su. Akwai masu karanta ka da suka binne 'yan'uwa.

In kanun ya taɓa wata ƙabila, ka duba ko taubashinka ne. Bagobiri ya zolayi Bazabarme, kowa ya yi dariya; kai da ba ka cikin wasan, zagi ne.

Fassara kanun daga Faransanci zuwa Hausa a layi ɗaya, ba kowa ya yi lakwal ba. Kada ka sa sunan maƙwabcinka a matsayin angon Dosso. Kuma mataki uku ko huɗu sun isa, na biyar yawanci ja ne kawai. Ni kafin in saki, sai na karanta wa 'yan fadarmu da baki lokacin shayi na biyu. Duk layin da wani ya ce "kamar yaya?", a nan take nake goge shi.